Mariano Rivera, mai rufe wa Yankees wasa

Wani ɗan majalisarmu a Shamaki ya rubuta cewa duk ɗan wasan da sai a ƙarshe ake sako shi ɗan benci ne. Haba ɗan'uwa! Ina ka baro Mariano Rivera?

Kun san besbol zagaye tara ne, kuma akwai mai jifan da ake adanawa sai na ƙarshe, lokacin da ratar da ake da ita 'yar kaɗan ce. Wannan aiki Rivera ya yi wa New York Yankees, ya tsare musu nasara sau 652. Har yau babu wanda ya kamo shi.

An haife shi a Panama a 1969, ya tashi a Puerto Caimito, ƙauyen masunta. Da tsohuwar koma yaran ƙauyen suke naɗa ƙwallo, kwalin madara ne safar hannunsu. Ƙwallon ƙafa ma ya fi so, ciwon idon sawu ya raba su. Yankees suka ɗauke shi a 1990, ya fara babbar gasa a 1995 a matsayin mai buɗe wasa, abin bai yi armashi ba.

Sai 1997. Nan ne inda nake ƙauna! Yana jefe-jefen motsa jiki da abokinsa Ramiro Mendoza, sai ƙwallon ta riƙa tahowa sambal, tana dab da isa ta goce. Mendoza ya yi ƙorafi. Kocinsu Mel Stottlemyre ya yi ta ƙoƙarin miƙar da jifan, ya ƙi miƙuwa, suka haƙura. Shi Rivera kyautar Allah ya ɗauke shi. Ku duba fa: mai duka ya san abin da ke zuwa, 'yan kallo sun sani, amma ƙwallon ta zo ta ci gindin gora ta karya ta kamar karan dawa. Bahago ya fi shan wuya, don cikin hannunsa take shigowa. A wasan ƙarshe na 1999 da Atlanta, gora uku ya karya wa Ryan Klesko a tsayuwa ɗaya. Uku!

Masu kawo min zancen 2001, na ji ku. Arizona ta cinye shi a wasa na bakwai na kofin duniyar besbol, Luis Gonzalez ya ɗan cungulo ƙwallon ta tsallake 'yan tsaron ciki. To ko a nan gorar ta karye. Mutumin da ya ɗaga kofin duniya biyar ba za a auna shi da dare ɗaya ba.

A 2011 ya wuce tarihin Trevor Hoffman na yawan tsare nasara. A 2012 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya dawo 2013 ya yi ritaya, Minnesota ta ba shi kujerar da aka haɗa da karyayyun gorori. A 2019 duk masu zaɓe 425 suka sa shi a zauren gwarzaye, karo na farko da babu ko ƙuri'a ɗaya da ta ƙi.