Kafin Ka Sayi Gidan Haya: Darasi Daga Tarihin Filaye Da Rusau Na Abuja

Jama'a, yanzu duk inda ma'aikata suka taru hirar ɗaya ce: naira na zubewa, gara mutum ya binne kuɗinsa a ƙasa. Maganar tana kan hanya, amma da yawanmu ba mu san cewa a dokar Najeriya ba a sayen ƙasa ba. Izinin zama a kanta ake saya.

Abin ya samo asali tun zamanin Turawa. A 1910 suka yi dokar da ta sanya filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1962. Sai a ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta shimfiɗa wannan tsari a kan ƙasar baki ɗaya: duk filin da ke cikin jiha amana ce a hannun gwamna. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira C of O, galibi ta shekara 99. Sayar da fili mai wannan takarda ko jinginar da shi sai da amincewarsa. Yana kuma iya ƙwacewa don amfanin jama'a, a biya ka diyyar abin da ka gina, ba darajar filin ba.

Abuja ce ta nuna mana wannan doka tana da haƙora. Janar Murtala ya kafa birnin da dokar soja ta 1976, wadda ta mayar da duk filayen yankin hannun Gwamnatin Tarayya. Da aka tare a ranar 12 ga Disamba 1991, ma'aikata suka kwararo daga Legas, gidaje suka yi ƙaranci, haya ta yi tashin gwauron zabi. Mutane suka bazama ƙauyukan gefe irin su Karmo da Chika, suna sayen fuloti a hannun masu unguwanni, suna jera ɗakuna, haya na shigowa. Kowa na ganin ya tsinci dami a kala.

To, tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufai yake minista, aka ce za a koma kan ainihin taswirar birnin. Aka kafa AGIS don tantance takardu a kwamfuta, katafila ta shiga unguwanni. Takardar mai unguwa ba ta ceci kowa ba, domin a doka ba shi da hurumin sayarwa tun farko. A daidai wannan lokaci kuma gwamnati ta sayar wa ma'aikata gidajenta. Waɗanda suka saya, da takarda sahihiya, da yawansu gidan nan ne ya zame musu fansho na gaskiya. Gari ɗaya, zamani ɗaya, bambancin kawai takarda.

Saboda haka mai son farawa, tambayarsa ta farko ba "nawa ne?" ba ce. Wa ke da shi, kuma da wace shaida? Ka je ma'aikatar filaye da ƙafarka ko ka tura lauya a duba fayil. In gidan gado ne, ka tabbata an raba kuma duk magada sun sa hannu. In awon igiya ne, ka bincika ko bai hau hanya, magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba.

Bayan takarda sai lissafi. Ga misali: gida na miliyan 30. La'adar dillali, lauya, canjin suna da kwaskwarima sun ci miliyan 4. Ka ga jarinka miliyan 34 ke nan, ba 30 ba. Sashe huɗu ne, kowanne dubu 600 a shekara, jimla miliyan 2.4. Cire fenti, yoyon rufi, kwashe masai, harajin ƙasa da watannin da wani sashe zai zauna babu kowa, a ce dubu 600. Saura miliyan 1.8, wato kusan kashi 5 cikin ɗari. Sai ka yi kusan shekara 19 kafin haya ta dawo maka da uwar kuɗi, alhali a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ashe ribar ba a hayar kaɗai take ba, tana cikin tashin darajar wurin, ita kuma tana bin titi, ruwa, wuta da tsaro. Kar ka ɗauki kuɗin haya daga bakin dillali. Tambayi 'yan hayar maƙwabta abin da suke biya.

Ma'aikaci kuma ya tuna, tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da ake cire wa kashi 2.5 na albashi. Ka bibiyi naka, haƙƙinka ne.

Gumin shekara talatin da biyar ba abin caca ba ne. Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya tsare mu da sayen rigima da kuɗinmu.