Kwamfuta na mutuwa bayan an ƙara mata RAM: me za a yi?

Jama'a, ga alamar wannan matsala: an sa wa kwamfuta sabon RAM, tana cikin aiki sai allo ya koma shuɗi a Windows, ko ta sandare a Linux, fayiloli kuma su ƙi buɗuwa.

Dalili shi ne, duk abin da za a ajiye a disk sai ya bi ta RAM. In yana da lahani, ko bai zauna daidai ba, gurɓataccen abu yake miƙawa. Mu nan Bilma, ga ƙurar Tenere mai shiga mazaunin RAM, ga zafin da kan wuce digiri 40.

To, kada mu yi gaggawar gyaran disk, don gyara da RAM mai lahani ƙara ɓarna yake. Mu kashe na'urar, mu cire sabon, mu bar tsohon. Mu kwashe takardun aiki da lissafin gishiri da dabino zuwa wani disk. Sannan ne za mu gyara da chkdsk a Windows, ko fsck a Linux.

Sabon kuwa, a busa mazauninsa, a gwada shi da Memtest86+ dare guda. Ko kuskure ɗaya ya fito, a mayar wa mai shi.