Garmahon Kakana

Bara, da muka je Zariya rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, aka jawo wani baƙin akwati daga ƙarƙashin gado, duk ya yi ƙura. Ƙannena har sun ware shi cikin tarkacen da za a bai wa masu sayen gwangwan. Ina ɗaga murfin na ga hoton kare ya kasa kunne a bakin ƙaho. Ashe garmahon kakanmu ne, wanda ya yi aikin reluwe, kuma tun muna yara muke jin labarin yadda unguwa ke cika ƙofar gidansa da yamma in ya wana shi. Na rungumo abina har Manchesta.

Karen nan shi ne tambarin His Master's Voice, wato HMV, na kamfanin Gramophone da ke da masana'anta a Hayes, yammacin Landan. Garmaho na ɗauka-ka-tafi ya yi suna ne tun 1914, lokacin da aka fito da samfurin Decca, wanda sojojin Ingila suka riƙa tafiya da shi fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya. HMV ta fito da samfurinta mai lamba 101 a 1925, sannan 102 a 1931, shekarar da ta haɗe da Columbia suka zama EMI. Namu 102 ne. Shi ya fi daɗewa a kasuwa, har ƙarshen shekarun 1950 ana ƙera shi, kuma ba ya bukatar lantarki ko batir. Shi ya sa ya karɓu a garuruwanmu.

Wani abin da ban sani ba sai da na fara bincike: tsakanin 1927 da 1930, kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a nan Landan, cikin harsuna irin su Yarabanci da Fanti da Hausa, aka buga a faifai aka tura gida don sayarwa. Wato kusan shekara ɗari ke nan da Hausar mazauna Ingila ta fara komawa gida a cikin akwati.

Mai son gane nasa, ya fara da tambarin cikin murfi, sannan ya dubi kan da ake ɗaura wa allura. Na 101 ana rubuta masa lamba 4, kuma fatar da ke kaɗawa a cikinsa garai-garai take kamar gilashi. Yawancin na 102 kuwa 5A ne ko 5B, da fatar alminiyam a bayan murfi mai huji-huji. A yi hattara da masu ƙaton ƙahon tagulla mai ƙyalli da ake tallarsu a matsayin kayan tarihi. Da yawansu haɗin baya-bayan nan ne daga Indiya, an dai manna musu hoton karen.

Yanzu ga inda na yi ɓarna, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Faifai bakwai muka samu tare da shi. Ni kuwa likita, hannuna ya saba: duk abin da ya yi datti, a goge shi da sifirit. Na jiƙa auduga na shafa wa na farko. Nan take fuskarsa ta yi danƙo, audugar ta yi baƙi ƙirin, layukan da muryar ke ciki suka narke ina kallo. Faifan da ke juyi 78 a minti ba roba ba ne. Da wani ƙaro ake yinsa, wanda wani ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya, kuma sifirit narkar da shi yake yi. Takardar tsakiyar faifan ta riga ta goge, don haka har gobe ban san muryar wa na kashe ba. Da na gaya wa Gwaggo a waya, ta yi shiru, can ta ce, "Likita, kai da ake kawo wa marasa lafiya?" Sauran shidan da ruwa da ɗan sabulu kaɗan na wanke su, ban bari ya taɓa takardar ba, na bar su suka bushe sarai.

Allura ta ƙarfe ce, kuma fuska ɗaya ta faifai take yi a jefar. Da gangan aka yi ta ta cinye, don kada ta ci faifan. In ta dakushe aka ci gaba da ita, sai ta koma kartar layukan. Har yanzu ana sayar da sababbi, ɗari-ɗari a ƙunshi, da araha. Kada kuma a ɗora masa faifan roba na zamanin Shata, mai juyi 33 ko 45. Nauyin kan zai huɗe shi a juyin farko.

In kun ji yana ƙwanƙwasa daga ciki yana waƙa, tsohon giris ne ya daskare a jikin sifirin. Wannan kam ban taɓa ba, kuma ban ba kowa shawarar ya taɓa ba. Doguwar ƙarfe ce mai kaifi a nannaɗe cikin gwangwani, in ta kuɓuce sai ta tsarge yatsu, na kuwa ɗinke hannuwa da yawa a ɗakin gaggawa. Wani dattijo mai gyaran agogo na kai wa. Shi ya ce in an gama saurare a bar shi ya warware, kada a ajiye shi a wane. Faifai kuma a jera su a tsaye. A gida zafin ɗakin kwano ke lanƙwasa su, a nan kuwa danshi ne ke sa rigar akwatin fumfuna.

'Yan'uwa na gida, don Allah ku leƙa ƙarƙashin gadajen tsofaffi kafin mai gwangwan ya riga ku. Ku ɗauki hoton takardar kowane faifai ku aiko wa sakataren ƙungiya. Ni kuma, in Allah ya kai mu taron Babbar Sallah, zan zo da namu da faifan nan shida, ko cikin dattawanmu a samu wanda zai gane masu waƙar.