Daga Wayar Tagulla Zuwa Eriyar 'Yargoje

Tsofaffin ma'aikatan kamfanin tarho na NITEL a arewa, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a kan sandunan waya tsakanin Kaduna, Zariya da Katsina, har yau suna iya kwaikwayon kukan modem da baki: ta yi tsuwa, ta yi gurnani, sannan ta yi shiru idan layi ya kama. Da wannan kukan ne manyan ma'aikata a shekarun 1990 suke haɗa kwamfutar gida da ta ofis. Idan komai ya yi daidai, mutum zai samu kilobit 33.6 a daƙiƙa, daga baya 56. Idan kuwa damina ta shiga, ruwa ya ratsa mahaɗin waya a ƙarƙashin ƙasa, sai dai haƙuri. Kuma muddin maigida yana kan kwamfuta, duk wanda ya buga wa uwargida waya zai ji layi a cike.

Maganin da Jamus da Japan suka runguma shi ne ISDN. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Wayar tagullar nan dai ce, amma maimakon a mayar da saƙon kwamfuta sauti kafin a tura, sai a tura shi a lambobinsa tun daga ɗaki har cibiyar haɗa layuka. Layi ɗaya yana rabuwa hanyoyi biyu, kowace mai kilobit 64, da wata ƙarama mai 16 da ke kula da shigar kira. Mutum zai iya magana a ɗaya yana aiki a ɗayar, ko ya gama su ya samu 128. Bayanta DSL ta zo da gudun da ya ninka haka sau da yawa, sai dai da sharaɗi: gida kada ya wuce kimanin kilomita biyar daga cibiya, kuma tagullar ta kasance lafiyayya.

A nan gizo ke saƙar. NITEL, wadda aka kafa a 1985 ta hanyar haɗe sashen tarho na hukumar gidan waya ta P&T da kamfanin NET, kafin 2001 ba ta kai layi rabin miliyan masu aiki ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan ɗari. Layukan ma na birni ne: 062 Kaduna, 064 Kano, 065 Katsina. Ɓarayin tagulla suna yanka, masu gyaran titi suna tonewa. Ma'aikaci zai gyara mahaɗi da safe, kafin la'asar an kira shi wani. Ƙauye irin 'Yargoje a ƙaramar hukumar Kankara, ko na Faskari da Sabuwa, zancen gudun layi bai ma taso ba, tunda layin bai je ba.

Sai 2001 ta zo. A watan Janairu hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta MTN da Econet suka fara aiki. Daga nan tagulla ta shiga uku. An miƙa ragamar NITEL ga Pentascope a 2003, aka sayar wa Transcorp a 2006, gwamnati ta karɓe a 2009, daga ƙarshe NATCOM ta sayi kadarorin a kan kimanin dala miliyan 252. Gidajen intanet na Kano da Zariya kuwa tuni sun kafa faifan tauraron ɗan'adam a rufin shago.

Wato kudancin Katsina ya tsallake zamanin ISDN da DSL ɗungurungum. Malamin makaranta a 'Yargoje da zai tura sakamakon jarrabawa zuwa ofishin ilimi a Kankara, wayar hannu yake ɗagawa yana neman inda sabis ya fi ƙarfi, kuma ko 3G ya samu, ya fi abin da babban darakta yake tinƙaho da shi a 1998.

Amma abin da ya rataya a kan eriya kaɗai, kashe shi ba wuya. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Kankara, Faskari da Sabuwa. Masu POS suka rufe, ma'aikata suka koma kai takarda a kan babur, mai son kiran ɗansa a Legas sai ya biya kuɗin mota zuwa garin da ba a katse ba. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan.