Takardar Umarni: Tsohuwar Al'adar da Sabunta Kwamfuta Ke Yawan Karyawa

A watan Oktoba na 2006 kamfanin Canonical ya fitar da Ubuntu 6.10, wani nau'in babbar manhajar Linux, ba a daɗe ba kuma koke-koke suka fara kwararowa. Mutanen da suka sabunta kwamfutocinsu sun wayi gari 'yan takardun umarnin da suka rubuta da hannunsu sun tsaya cak: wadda ke kwafe fayiloli zuwa ma'ajiya, wadda ke tada firinta, wadda ke girka manhaja. Masu su ba su taɓa ko harafi ɗaya ba. Abin da ya canza yana can ƙarƙashi, inda yawancinsu ba su taɓa leƙawa ba.

Wannan al'ada ta girmi kwamfutar tebur kanta. A farkon shekarun 1960, wani Bafaranshe mai suna Louis Pouzin da ke aiki a jami'ar MIT ta Amurka ya gaji da maimaita buga umarni iri ɗaya kullum, sai ya rubuta RUNCOM, manhajar da ke karanta jerin umarni daga fayil ta aiwatar da su bi da bi. A 1971 Ken Thompson ya yi wa babbar manhajar Unix manhajar shel ta farko a cibiyar Bell Labs, wato mai karɓar abin da mutum ya buga a allo ta miƙa wa babbar manhaja. A 1973, bisa nacin Doug McIlroy, aka ƙara dabarar zuba sakamakon wannan umarni kai tsaye cikin wancan. Stephen Bourne ne ya mayar da shel cikakken yare a 1979, mai sharaɗi da maimaici, kuma daga nan kowane mai kula da Unix ya soma tara 'yan takardunsa.

Amfaninsu a bayyane yake. Aikin da zai cinye wa mutum rabin sa'a da linzami, layi goma sun gama shi, kuma gobe ma su sake yi ba tare da an tuna musu ba.

Sai dai tun da wuri yarukan suka rarrabu. Bill Joy ya yi nasa a Berkeley a ƙarshen shekarun 1970, David Korn ya fito da nasa a 1983, Brian Fox ya rubuta Bash a 1989 don shirin GNU, Paul Falstad kuma ya kawo zsh a 1990 yana ɗalibi a Princeton. A 1992 aka amince da ƙa'idar POSIX, wadda ta fayyace abin da kowace shel ya wajaba ta fahimta. Bash ta fahimci wannan, ta kuma ƙara nata kayan daɗi a kai, kuma da yake ita ce ke zaune a kusan kowace Linux, mutane suka manta inda iyakar take.

Nan ne matsalar 2006 ta samo asali. Layin farko na takardar umarni shi ke faɗin wadda za ta karanta ta, kuma dubban mutane sun rubuta #!/bin/sh, ma'ana shel ta gama-gari, alhali a ciki yaren Bash suke yi: baka biyu [[ maimakon guda, alamar == inda ƙa'ida ta ce =, kalmar source a gurbin ɗigo. Muddin Bash ce ke amsa wannan kira, ba wanda ya lura. Da Ubuntu ta ɗora dash a wurin, ƙaramar shel mai sauri wadda ba ta san komai ba sai abin da ƙa'ida ta tanada da ɗan ƙari kaɗan, asiri ya tonu. Masu Ubuntu suna neman kwamfuta ta riƙa tashi da wuri, kuma suna da gaskiya da suka ce takardun ne ba su bi doka ba. Mai takardar shi ma yana da tasa gaskiyar, domin jiya tana aiki. Debian, wani nau'in Linux, ta bi sahu a 2011, tana da wata manhaja mai suna checkbashisms mai farautar irin waɗannan kurakurai.

Da yawa daga masu wannan ƙorafi sun baro Windows ne don neman kwanciyar hankali. Ba a manta ranar 20 ga Afrilun 1998 ba, lokacin da Windows 98 ta faɗi da shuɗin allo a bainar jama'a a taron COMDEX na Chicago, Bill Gates na tsaye, don kawai an jona na'urar sikana. A Linux sun sami na'urar da ke wata da watanni ba ta ƙame ba, amma sun tarar da wani rashin tabbas na daban: abubuwan da suka dogara da su ba sa zama wuri ɗaya. Umarnin ifconfig da aka yi shekaru ana duba intanet da shi ya daina zuwa a sababbin fitowa, aka ce a koma ip. Da Linux ta Fedora ta koma tsarin nuni na Wayland a 2016, Ubuntu kuma a 2021, takardun da ke matsar da tagogi ko danna madannai ta hanyar xdotool da wmctrl suka rasa hannu a kan yawancin tagogin, domin sabon tsarin ya hana wata manhaja taɓa tagar wata saboda tsaro.

Masu Mac ma ba su tsira ba. Apple ya tsaya a kan Bash 3.2 bayan da fitowa ta 4 ta zo a 2009 da lasisin GPLv3, sannan a 2019 ya mayar da zsh ta zama shel ta asali ga sababbin masu amfani. A Maris na 2022, macOS 12.3 ta cire yaren Python 2 gaba ɗaya, duk takardar da ke kiran sa ta mutu a tsaye.

Wani lokacin kuma laifin na cikin takardar ne, kuma ƙwararru ma suna afkawa. A Janairun 2015 aka gano wani layi a takardar da ke tada manhajar wasanni ta Steam a Linux: rm -rf "$STEAMROOT/"*. Nufinsa share abin da ke cikin jakar Steam kaɗai. Amma wani mai amfani ya matsar da jakar zuwa wani wuri, sai sunan da ke gaban alamar dala ya koma fanko, umarnin ya zama share komai tun daga tushe. Duk fayil ɗin da mutumin ke da iko a kansa ya tafi, har da faifan ajiyarsa na waje da ke jone a lokacin. Watanni kaɗan kafin nan, a Satumban 2014, Stéphane Chazelas ya bankaɗo ɓarakar Shellshock a cikin Bash kanta, wadda ke kwance tun 1989.

Masu sana'ar sun koyi dabarun kare kai. Suna ajiye takardunsu a manhajar Git don su san abin da ya canza da ranar da ya canza. Suna bi da su ta ShellCheck, manhajar Vidar Holen mai nuna layin da zai iya ba da kunya, ciki har da irin na Steam. Wasu sun koma rubuta yaren POSIX zalla, duk da wahalarsa, wasu kuma sun zauna a kan Debian mai fitowa kusan duk shekara biyu ko Ubuntu mai tallafin shekara biyar, don kada kowane wata shida su koma gyara.

Bash ɗin da duk wannan ke dogaro da ita, Chet Ramey ne ke kula da ita tun shekarun 1990, mutumin da ya daɗe yana aiki a Jami'ar Case Western Reserve da ke Ohio. Ya fitar da fitowa ta 5 a 2019, yayin da kwamfutocin Mac ke ci gaba da zuwa da 3.2, don haka takardar da aka rubuta a Linux ta yau tana iya ƙin tashi a sabuwar Mac fil.