Ƙetaren Kogi: Tarihin Tsarin Gari a Kudancin Kaduna

Duk wanda ya haye gada daga cikin gari ya nufi Kakuri, ya shiga yankin da tun asali aka ware domin jirgin ƙasa da masana'antu. Lokacin da Turawa suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, a arewacin kogi suka kafa gidan Gwamna da ofisoshi da barikin soja. Kudu kuwa, inda ƙauyukan Gwari suke da gonakinsu, aka bar wa tashar jirgi, wadda a nan layin dogo na Ikko ya haɗu da na gabas.

Al'amari ya sauya a zamanin Sardauna, Allah Ya jiƙansa. A 1956 aka fitar da Kaduna daga hannun En'e ta Zazzau, aka mai da ita yankin babban birni mai hukumar kansa. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, sa'annan Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. Masana'antar makamai ta zo a 1964, ta haɗa motocin Peugeot kuma a 1975. Dubban ma'aikata suka kwararo daga kowace kusurwa ta ƙasa, Musulmi da Kirista, suna kama haya gida ɗaya a Makera da Nasarawa da Kakuri.

To amma hukuma ta shata wa injuna wuri, ta manta da masu juya su. Magidanci sai ya sayi fili a hannun mai unguwa, ya ɗora ɗakuna, babu lambatu, babu titin da mota za ta bi, takardarsa kuma ita ce shaidar dattawa. Masanin nan Max Lock ya fitar da taswirar birnin a 1967, wadda ta hango shekara hamsin gaba, sai dai a shekarar aka rushe Jihar Arewa, yaƙin basasa kuma ya ɓarke, gari ya ci gaba da yaɗuwa yadda ya ga dama.

Rabon ƙananan hukumomi ya ƙara dagula lissafi. Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, wadda aka ƙirƙira a 1991 mai hedkwata a Makera, ta ƙunshi Tudun Wada da Unguwar Sanusi, alhali dukansu suna arewacin kogi. Su kuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi suna ƙarƙashin Chikun ne, wadda hedkwatarta ke can Kujama. Gari ɗaya, rafi ɗaya, bola ɗaya, amma masu sa hannu daban.

Sai rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, waɗanda suka yi rabon da babu wata taswira da ta taɓa yi. Musulmi da yawa suka sayar da gidajensu da arha suka koma Rigasa da Tudun Wada, Kiristoci kuma suka ƙetaro kudu. A daidai wannan lokaci masaƙu suka durƙushe: KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, aka rasa wurin da ya saba haɗa mutanen nan kowace safiya.

Gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta kafa hukumar KADGIS domin rajistar filaye, ta kuma ƙaddamar da shirin sabunta birane a 2019. An faɗaɗa tituna, ciki har da titin Aliyu Makama na Barnawa, hukumar KASUPDA kuma ta rushe gine-gine da dama. A nan tsohon sakaci ya dawo da haƙoransa, domin magidancin da ya gina a kan shaidar mai unguwa shekaru arba'in da suka wuce, shi aka tambaya ina takardar mallaka ta gwamnati.