Takardar ingancin mota da tsohuwar Golf: abin da binciken hukuma ke tabbatarwa da abin da ya rage ga mai mota

A Kwarbai da sauran unguwannin cikin birnin Zariya, motar da magidanta da yawa ke dogaro da ita ƙarama ce mai ƙofa biyar, wadda ƙofar but ɗinta ke buɗewa haɗe da gilashin baya. Fitacciya a wannan rukuni ita ce Volkswagen Golf, musamman samfuri na uku da ake kira Golf 3, wanda kamfanin na Jamus ya fara fitarwa a 1991. Ita ke kai yara makaranta, ta ɗauko kayan shago daga Sabon Gari, ta kai ma'aikaci Kaduna. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, sauya mota ya gagari mutane da yawa, don haka sai riƙon tsohuwa. Wannan ya sa ya kamata mai mota ya san iyakar abin da takardar ingancin mota take shaidawa.

Mece ce takardar, kuma wa ke bayar da ita?

Takardar ingancin mota shaida ce daga hukuma cewa an duba motar an ga ta cancanci hawa titi. Hukumomin jiha ne ke bayar da ita, kuma mai motar gida yakan sabunta ta shekara-shekara tare da lasin mota da inshora. Jami'an duba motoci su ne aka fi sani da VIO. A jihar Kaduna, jami'an KASTLEA ne ke kula da bin dokokin hanya, yayin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, take sintiri a manyan hanyoyi irin na Zariya zuwa Kano da Zariya zuwa Kaduna.

Tsarin duba motoci lokaci-lokaci ya daɗe a ƙasashen da motocinmu na tokumbo suke fitowa. A Birtaniya an fara gwajin MOT a 1960, kuma yanzu ana yin sa duk shekara da zarar mota ta kai shekara uku. A Jamus, mahaifar Golf, ana fara duba mota bayan shekara uku, daga nan sai duk bayan shekara biyu.

Abin da ake dubawa

Binciken ya ta'allaƙa ne a kan sassan da lalacewarsu ke jawo haɗari: birkin ƙafa da na hannu, taya, sitiyari, shokozoba, fitilun gaba da na baya, sigina, hon, gilashi da waifa, madubai, bel ɗin kujera, da hayaƙin da ke fita ta salansa. Ana kuma gwada lambar shasi da wadda ke rubuce a takardu.

Taya ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin tsohuwar mota takan yi tafiya ne a kan tayar hannu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Lamba 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. FRSC tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙera ta. A Turai kuwa, doka ta haramta tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba.

Abin da takardar ba ta shaidawa

Takardar tana bayyana halin mota ne a ranar da aka duba ta, kuma a kan sassan tsaro kawai. Mai dubawa ba ya kwance inji. Saboda haka mota tana iya cin gwajin da safe, ta tsaya a Kwangila da yamma, ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba. Idan kuma takardar ta fito ne ta hannun ɗan tsakani ba tare da an ga motar ba, to ba ta shaida komai sai biyan kuɗi.

Abubuwan da suka fi tsayar da tsohuwar Golf suna wajen wannan bincike. Na farko shi ne tamin bel, bel ɗin roba da ke daidaita motsin sassan inji. Ba ya yin gargaɗi kafin ya tsinke, kuma a wasu injina tsinkewarsa takan lanƙwasa bawul. Wanda ya sayi mota bai san ranar da aka sauya shi ba, gara ya sauya nan take. Na biyu shi ne hanyar ruwa: lagireto, tiyo, fanka da famfon ruwa. Wasu mahaɗan tiyo na roba ne mai tauri, kuma sukan tsage da tsufa. Zuba ruwan famfo zalla yana kawo tsatsa, zafin inji kuma yana ƙona gaskit. Na uku tsatsar jiki ce. A Turai ana watsa gishiri a titi lokacin hunturu, kuma an san Golf 3 da ruɓewar gindin ƙofofi da daɓen ƙasa. Sabon fenti yakan rufe wannan. Na huɗu wayoyin lantarki ne da aka sha yankewa ana ɗaurewa.

Yanayin wuri ma yana da tasiri. Tafiya a lungunan cikin ganuwa gajera ce, ga tsayawa da tashi tsakanin Keke Napep da babura, musamman a kusa da fadar Sarkin Zazzau da Ƙofar Doka. Wannan yana cinye kuloci da birki fiye da doguwar tafiya. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, ramukan damina kuma suna kashe shokozoba.

Abin da mai saye da mai riƙo za su yi

Mai saye ya tafi da bakanikensa, ba wanda dillali ya kawo ba. A tayar da injin yana da sanyi, a kalli launin hayaƙi: shuɗi alamar ƙona baƙin mai ne, fari mai kauri wanda ba ya yankewa kuma alamar ruwa ya shiga inji. A buɗe murfin baƙin mai. Kumfa mai kama da madara ba alheri ba ce. A ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, a ɗaga kafet a taɓa daɓen. A tuƙa ta a taka birki da ƙarfi a ga ko tana jan gefe guda. Kada a dogara da lambar kilomita a mota mai shekara talatin.

Wanda ya riga ya mallaka ya ajiye ɗan littafi a motar, yana rubuta ranar sauya baƙin mai, tamin bel, taya da man birki, wanda masu ƙera motoci ke shawartar a sabunta duk shekara biyu domin yana tsotsar danshi. Ya kai motar wurin bakanike mako biyu kafin ranar sabunta takarda, ya kuma kai ta wurin dubawa da kansa. Kuɗin gyaran birki a gareji bai kai kuɗin janwe daga hanyar Kaduna ba, balle kuɗin asibiti.